Ragon Gwaggo da Littafi na Uku

Haƙorana biyu na gaba a gindin tudun bayan garinmu na bar su, cikin tsakuwa. Har yau idan na yi dariya na ga idon mutum ya sauka a kan giɓin nan, wata marubuciya ta Kano nake zagi a zuciyata. Ba ta san ni ba, ban jin ta taɓa taka ƙasar Adar, kuma ba ita ta ɗaga hannu ta buge ni ba. Amma wallahi ita ta zubar mini da su, kuma ban yafe ba.

Garinmu ƙarami ne, yana gefen Keita. Lokacin ina budurwa, furoje, wani shirin raya karkara, ya zo da aikin duwatsu. Yawancin mazan gari sun tafi bida, wato neman kuɗi a ƙasashen waje, wasu Abijan, wasu Kamaru, wasu Libiya, don haka mu mata muka hau tuddai. A fasa dutse da guduma, a aza mana a ka, mu je mu jera shi a gicciye don ruwan damina ya daina kwashe ƙasar gona yana zubarwa a kwari. Ladanmu hatsi ne da mai. Aikin ba shi da imani ko kaɗan. Dutse ya faɗo ya murƙushe miki yatsa, farce ya fita da jini, ki yage bakin zane ki ɗaure ki koma layi. Ki ɗaga wani ki tarar da kunama ta miƙe wutsiya tana jiranki. Kafin rana ta take, wuyan kowa ya sage, bakin kowa ya yi ɗaci, abu kaɗan ke haɗa faɗa.

Abin da ke sanyaya mu shi ne hutun tsakar rana. Akwai wata aduwa a gindin tudun, nan muke zubewa, a dama fura, ni kuma in ciro littafi daga cikin zane. Ni kaɗai na yi lakwal, makarantar boko, a ƙungiyarmu, har na leƙa kolej a Bouza kafin bakina ya sa a koro ni. Faransanci aka koya mana, amma baƙaƙen ai ɗaya ne, da na yi ɗan tuntuɓe sai Hausar ta miƙe mini. Yayana yana bin kamyo, babbar motar albasa, daga Madaoua zuwa Kano, shi ke kawo mini littattafan, sun sha warin albasa har idona ya yi yaji in na buɗe.

Cikin duk marubutan, akwai wadda matan suka ɗauka suka aza a ka. Babba ce, ana karanta ta har a rediyo, mu dai Hajiya muke ce mata kamar maƙwabciyarmu. Mun sha littattafanta na baya, kuma mun san halinta. Idan ta ƙulla sai ta kwance. Azzalumi sai ya ga sakayya, wanda ya ɓata sai an san inda ya kwana. Ba ta taɓa barin mu da ƙishi ba, shi ya sa muka saki jiki da ita.

Mutum ɗaya ce ba ta sauraro, Gwaggona, yayar babana. Doguwa ce busasshiya, ita ke ɗaukar dutsen da samari ke kewayewa. Ranar da shef, mai kula da aikinmu, ya ce mata, “Tsohuwa, je ki zauna,” ta zabga masa marin da hularsa ta gangara kwari. Idan na fara karatu sai ta juya mana baya ta ce ƙaryar ƴan Kano ce, ita ba ta da kunnen banza.

Gwaggo tana da ɗa namiji ɗaya, taubashina, kuma shi ne ɗanta na fari. Ya tafi Libiya. Shekarar farko an samu wanda ya gan shi a Agadez, daga nan shiru, shekara da shekaru. Kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. To Gwaggo ta riƙe wannan kunyar fiye da kowa a garin. Tun yana goye ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta, “wancan” take cewa. Idan wani ya dawo daga bida, mata su cika gidansu kowa tana tambayar nata, ita sai ta ɗauki tulu ta nufi rijiya. Abin da ta kasa ɓoyewa shi ne ragon. Shekarar da ya tafi ta ɗaure ɗan tunkiya a turke ta ce na layya ne. Layya ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, rago yana nan. Ya yi ƙiba, ƙahonsa ya murɗe, ya zama mugu, ko kaza ta gifta sai ya kai mata karo. Kowa ya san ranar da ake ajiye masa, ba mai ƙarfin halin faɗa.

Sai matarsa. Watanni kaɗan suka yi da aure ya tafi, har lokacin Amarya muke kiranta, sunan ya zauna mata kamar zagi. Marainiya ce, Gwaggo ta goya ta, Inna take ce mata. Liman ya daɗe da cewa shari'a ta ba ta hanya: dangi su yarda, a yi wa mijin sadakar mamaci, ta yi takaba, ta yi aurenta. Kuma akwai mai so. Wani mai garkar albasa a fadama, matarsa ta rasu ta bar masa ƴaƴa ƙanana, ya aiko ya ce zai jira har a cire albasa, bayan nan dole ya duba wani wuri. Amarya tana son shi, duk mun sani. Amma ba ta iya ƙetare bakin wadda ta goya ta, ita kuwa Gwaggo duk wanda ya zo mata da zancen sadaka da taɓarya take raka shi.

Ana cikin haka yayana ya kawo sabon littafin Hajiya, na ɗaya da na biyu. Labarin wani saurayi ne, ɗan wata gwauruwa, da ya bar uwarsa da sabuwar matarsa ya tafi neman arziki. Ina karanta wurin da zai hau mota, inda uwar ta ƙi fitowa rakiya, ta laɓe bayan danga tana leƙensa ta tsakanin kara, sai na ji motsi. Gwaggo ce ta juyo. Kashegari ta zauna dab da gwiwata, ta ture wadda ta saba zama wurin.

Abin da na gani a kwanakin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Gwaggo ta kama sunan yaron littafi ta yi ta kira. Ta yi masa faɗa, ta yi masa addu'a, tana ɗauke da dutse tana cewa ko ya ci abinci yau. Ta yi kuka da hawaye shaɓe-shaɓe a gabanmu duka, ba kunya, tunda ɗan wata ne. A na biyu da aka kama shi a ƙasar mutane ana dukansa, ni ta yi ta naushi a cinya, sai da wurin ya yi baƙi. Littafin ya ƙare motarsu ta mutu a tsakiyar hamada, ruwa ya ƙare, abokan tafiya suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya hango wani abu daga nesa yana tahowa. Nan Hajiya ta tsaya, sai na uku.

Na rufe littafin. Sai Amarya, wadda ba ta taɓa ɗaga ido a gaban Gwaggo ba, ta ce a hankali, “Inna, ni fa? Albasa ta kusa fita.”

Na ɗauka za ta sha mari. Sai Gwaggo ta ɗora tafinta a kan wani ƙaton dutse.

“Ku shaida,” in ji ta. “Na rantse da Wanda ya halicci dutsen ga. In Hajiya ta maido yaron ga gida, ki zamna mu jira namu. In ta kashe shi, in aika a kira liman, a yanka ragon ga, ki tahi inda kike so.”

Na ce, “Gwaggo, ƙage na fa. Mace ta kamar ni da ke, ta zamna da bik ta rubuta.”

Ta kama kunnena ta murɗa sai da na ga wuta. “Rufa min baki, ƴal lakwal. Matar da ba ta taɓa ganina ba ta san na laɓe bayan danga, ita za ki ce ma maƙaryaciya?”

Da a zamanin kakarmu ne, wurin mai duba za a je a zuba ƙasa. Gwaggo ta bar wannan tun da ta kama salla da gaske. Sai ga shi littafin Kano ya zauna a mazaunin mai duba, ni kuma na zama bakinsa, ban nema ba.

Na uku ya ƙi zuwa. Yayana ya je Kano ya dawo, bai fito ba. Ya sake komawa, bai fito ba. A wannan jiran ne ƙungiyarmu ta tsage biyu. Iyaye mata, masu ƴaƴa a bida, suna bayan Gwaggo, suna roƙon yaron ya dawo. Matan aure, masu maza a bida, da yawansu suna bayan Amarya, kuma ba su ɓoye abin da suke roƙo ba. Na ji da kunnena mace tana cewa, “Allah ya sa ƙishirwa ta gama da shi,” wata tsohuwa ta kwaɗa mata gammo a fuska. An fasa tuluna a rijiya a kan wannan magana. Mutumin da bai taɓa shan ruwan duniya ba, ga mata suna yaga wa juna riga a kansa.

Wata rana muna gangarowa da duwatsu Amarya ta matso kusa da ni. Ta rame, ƙashin wuyanta ya fito. Ta ce, “Kullum ina roƙon Allah Hajiya ta kashe shi. In na tuna wa nake nufi, sai in ji kamar in haɗiye harshena.” Sannan ta ce, “In na uku ya zo, ke kaɗai ke ganin baƙin. Ko yaron ya dawo, ki ce ya mutu.” Na ce mata ban iya ba, akwai rantsuwa a kai. Ta dube ni wani irin duba, ba ta sake yi mini magana ba. Na ji tausayinta har cikin raina, kuma na ji haushinta da ta sa ni a tsakiya.

Ita ma Gwaggo ba ta yarda da ni ba. Ranar da yayana ya shigo da littafin, ana ta ɗaurin buhunan albasar fari a fadama, ko hannuna bai kai kansa ba ta fizge. Ta kulle shi a cikin kwallarta, da rana ta kawo shi gindin aduwa ta miƙo mini, in na tsaya ta karɓe. Saboda haka ni ma ban san abin da ke ciki ba, tare muka shiga.

Shafin farko ba hamada. Ƙanwar matar yaron ce, wata yarinya da aka ambata sama-sama a na biyu, ta haɗu da ɗan wani attajiri a bakin kanti. Muka ce to, gabatarwa ce. Aka shiga zance, aka shiga kyaututtuka. Aka kawo lefe, Hajiya ta tsaya ta buɗe mana akwati ɗaya bayan ɗaya, atamfa, leshi, takalma, turare, ba wanda ta tsallake. Ta zagaya da mu gidan angon ɗaki ɗaki, har launin labule. Mu da ke zaune a kan tsakuwa da yatsu a ɗaure, ana gaya mana yadda ake soya kaza da madara.

Duk inda na ja numfashi Gwaggo ta ce, “To, shi fa?”

In ce, “Yana tahe, Gwaggo.”

Hutu ya bi hutu, takardun da ke ƙarƙashin babban yatsana na dama suna ta raguwa. Na san Hajiya, na ce a raina, a shafin ƙarshe za ta fito da shi, ko a raye ko a mace. Ranar gamawa har matan wasu ƙungiyoyi suka zo, shef ma ya jingina burweti, baron tura duwatsu, ya tsaya daga baya. Aka ɗaura aure, aka yi walima. Uwar yaron da matarsa suka fito a layi biyu kacal, sun sha anko, uwar tana rawa, matar tana rabon shinkafa. Amaryar littafin ta tare, ta haifi tagwaye. Hajiya ta gode wa Allah, ta gai da ƙawayenta da mai buga mata littafi. Na juya takardar, sai bango.

Gwaggo ta ce, “Ci gaba.”

“Ya ƙare.”

“Ci gaba, na ce.”

“Gwaggo, wallahi ya ƙare. Babu shi.”

Marin ya zo ban gan shi ba, kunnena ya ɗauki ƙara. Ta fizge littafin ta kakkaɓe shi, ta riƙe shi a juye tana leƙa tsakanin takardu. “Kin tsallake! Ya dawo, kin ɓoye don ƙawarki ta samu miji!” Kafin in buɗe baki Amarya ta miƙe tana ihu, “Ƙarya ta! Ya mutu, ta ɓoye don ke jininta ta!” Ta ɗauki kwanon fura, na ƙarfe, ta wurgo da duk ƙarfin shekarun nan. Bakinsa ya same ni a leɓe. Na ji wani abu ya karye, bakina ya cika da gishiri, na tofar, sai ga haƙora biyu cikin jini da fura.

Ni ma ba ta sanyi ba ce. Na yi kukan kura na kama kitson Amarya na kai ta ƙasa, na hau kanta ina duka, jinina yana ɗiga a fuskarta. Gwaggo ta damƙo ni ta bayan wuya ta yar da ni gefe kamar tsumma. Daga nan wuri ya kece. Surukai da matan ƴaƴansu suka auka wa juna, da ludayi, da gammo, da takalmi, da haƙori. Abin da kowa ta haɗiye tun ranar da mazan suka hau mota, ran nan ya fito. Wata ta ciji wata a kafaɗa har ta ciro fata. Wata tsohuwa ta zauna a kan matar ɗanta tana buga kanta da ƙasa tana cewa, “Ke ma mutuwarshi kike roƙo?” Shef ya shigo rabo yana ta Faransanci, aka kifa masa burweti a ƙafa, ya koma gefe yana tsalle.

A tsakiyar wannan Amarya ta tashi, zanenta a yage, ta tsaya gaban Gwaggo ta faɗi abin da ba a taɓa faɗa ba a garin.

“Ɗanki ya mutu, Inna! Ya mutu tun tuni! Ƙashinshi na cikin rairayi, ke kina nan kina ba rago dussa, ni kina ci mini ƙuruciya!”

Gwaggo ta sunkuya ta ɗauki ƙotar guduma. Amarya ta kare da hannun hagu. Ƙarar da hannun ya yi, duk wadda ke wurin ta ji, kamar an taka busasshen kara. Amarya ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa, ta laluba da hannun dama, ta samo dutse ta jefa. Ya tsaga goshin Gwaggo daga gira zuwa gashi, jini ya rufe mata ido ɗaya ya gangaro har haɓa. Ganin jinin tsohuwa ne ya tsayar da faɗan. Kowa ta saki wadda ta riƙe, aka tsaya ana haki.

Gwaggo ba ta taɓa goshin ba. Ta ɗauki littafin daga ƙasa ta miƙa wa shef, tunda shi ma ya yi lakwal. “Kai ba ruwanka da mu. Duba mini.” Ya zauna a kan dutse yana bin layi da yatsa, yana haɗa baƙi da ƙyar, takarda bayan takarda, muna tsaye jini yana bushewa a jikinmu. Ya daɗe. Da ya kai bango ya ɗago ya ce, “Inna, yarinyar ga ba ta tsallake komi ba. Ba a ko ambace shi ba.”

“Ba ta kashe shi ba?”

“A'a.”

“Ba ta maido shi ba?”

“A'a.”

“Mantawa ta yi?”

Shef ya rufe littafin ya miƙa mata. A amalanken jaki aka kwashe mu, ni da Gwaggo zuwa likita, Amarya zuwa gidan mai ɗori.

Na kwanta da kumburarren baki ina shan kunu ta gefe, ina tafasa. Da Hajiya ta kashe yaron nan, da mun yi kuka mun gode mata. Da ta maido shi, da wasu sun yi guɗa wasu sun haɗiye baƙin cikinsu. Ko rabin shafi ne, ko layi ɗaya. Amma ki ɗauki ɗan mutane da hannunki, ki kai shi tsakiyar hamada, ki zubar masa da ruwa, ki sa mu rasa barci a kansa, sannan ki juya ki tafi buɗe akwatin lefe? Ban sani ba ko gajiya ta yi, ko an ce mata labarin masu kuɗi ya fi tafiya a kasuwa, ko sunanta ne ya yi girman da take ganin duk abin da ta zubo za mu lashe. Daga baya na ji masu karatu a birni ma sun yi tsaki, sun ce na ukun bai kai na baya ba, suka ajiye suka ɗauki wani. Su tsaki ya ishe su. Mu a nan rayuwar mace ce aka rataya a kansa, ga albasa ana ta lodawa a kamyo, ga rantsuwa ba ta faɗa dama ba ba ta faɗa hagu ba.

Bayan ƴan kwanaki, da hantsi, Gwaggo ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a tsakar gida, kanta naɗe da bandeji, rago yana ta zagaya turke. Amarya tana cikin ɗaki, don duk abin nan a gida ɗaya suke kwana, ba mai ce wa wata uffan. Gwaggo ta turo mini littafin da ƙafa, bangonsa ya yi baƙi da jini.

“Karanta mini wurin bikin. Inda uwar take.”

Na karanta, iska tana fita ta giɓin, harafin yana zamewa.

“Rawa take?”

“Rawa take, Gwaggo.”

“Matar fa?”

“Tana rabon shinkafa.”

“Anka rufe littafi anka bar ta nan. Ba miji, ba takaba.”

“Haka na.”

Ta dubi ƙofar ɗakin da Amarya take. Sannan ta ce, “Hajiya ta tahi cin biki ta bar ɗiyar mutane tsaye da kwano a hannu. Ni na goya tawa, ba ni barin ta haka. Tunda ta kasa, ni za ni ƙarasa mata littafin. Je ki ce ma babanki ya kira liman.”

Kashegari da safe gidan ya cika. Maza suka zauna a waje a kan tabarmi, mata a ciki, da yawa da tabo a fuska, ba mai kallon wata. Gwaggo ta ba ni littafin ta ce in cire shafin da ke da sunan Allah in ajiye, sauran in yayyaga, da shi za a ƙunsa naman sadaka. Ban taɓa yin aikin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Na yaga akwatunan lefen nan ɗaya bayan ɗaya.

Ragon bai yarda ba. Da aka kwance shi ya tunkuyi babana a gwiwa ya kai shi ƙasa, ya ja maza biyu har bakin rumbu, ya fasa randa. Sai Gwaggo ta tashi. Mata ba su zuwa wurin yanka, amma ba wanda ya tare ta. Ta kama ƙahonnin nan da ta ga fitowarsu, ta murɗa wuyan da irin ƙarfin da take ɗaga dutse, ta kayar da shi, ta danne kafaɗarsa da gwiwa. Ragon ya ji hannun da ke ba shi dussa, ya daina shure-shure. Liman ya yi bisimilla ya ja wuƙa, jini ya yi tsartuwa ya wanke mata zane har ƙirji.

A nan ta kira shi. Ta ɗaga kai ta kwarara sunan ɗanta, sunansa na yanka, da muryar da ake kiran yaro ya dawo daga kiwo. Wuƙa ta tsaya a hannun liman. Amarya ta fito daga ɗaki da hannu a cikin karan ɗori, ta zube a cikin jinin ta rungume ta da hannu ɗaya, Gwaggo ba ta ture ta ba. Ta sake kira, ta saurara, kamar za a amsa.

Tun ranar da aka raɗa masa sunan ba ta taɓa furta shi ba sai ran nan, kuma ba ta sake ba har ta koma ga Allah. Ina jin shi a kunnena yanzu haka, amma ba zan rubuta shi ba, nata ne.